Babban yatsa da ɗurin bindiga: Darasin 'yan gasar harbi ga mafarauta da 'yan sintirin Illela

Ranar Lahadi, ranar da kasuwar Illela ke ci, babu gaɓar da ke shan aiki a jikin mutum kamar babban yatsa.

Da shi ɗan canji ke ƙirga Naira da Sefa. Da shi dillalin albasa ke latsa ta ya ji ko ta bushe ko ruwa ya kama ta. Mai sayen sa a kara da shi yake ɗaga leɓen dabba ya duba haƙora, ɗan kabu-kabun da ke jigila zuwa Kwanni kuma da shi yake damƙe kan babur.

Idan dare ya yi, wasu daga cikin waɗannan hannaye su ne ke ɗaukar bindiga su fita sintiri a bakin gari. Idan an gama girbi, wasu su ne ke shiga daji farauta. Ranar Sallah ko naɗin sarauta kuma, su ne ke ɗura bindigar toka su saki ƙara don taya murna.

Da an ce bindiga ta ji wa mutum rauni, hankali yakan tafi kan wanda aka harba. Amma akwai raunin da ba a cika zancensa ba, wanda ke samun mai riƙe da bindigar tun kafin ya taɓa kunama, wato lokacin ɗuri. Yakan fara daga tsagewar ƙumba, ya kai har ga guntulewar yatsa.

A ƙasashen da harbi ya zama wasan gasa, an daɗe da gano musabbabin irin wannan rauni da hanyoyin kauce masa. Mafi yawan hanyoyin kuwa ba sa cin ko sisi.

Yadda bindiga ta yawaita a hannun manoma

Illela tana da nisan kilomita 80 da ɗoriya daga birnin Sakkwato, tana kallon Birnin Kwanni na Jamhuriyar Nijar. Gari ne na fatauci da noma da kiwo, kuma farauta tsohuwar sana'a ce a ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne tsaro. Hare-haren ɓarayin daji a gabashin Sakkwato, daga Isa da Sabon Birni zuwa Goronyo da Gada, ba su bar Illela ba. A watan Nuwamban 2024 kuma Hedikwatar Tsaro ta tabbatar da ɓullar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi.

Gwamnatoci sun bi hanyoyi daban-daban. A 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai. A 2024 gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, bayan Katsina ta kafa tata a Oktoban 2023, Zamfara kuma a Janairun 2024.

Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu. Sai kuma waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka ko harba-ka-ruga, da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Bindigar da ake kira fam-akshin, wadda ake jan hannunta baya a tura gaba ta sauya harsashi, ba ta cikin jerin na amfanin kai a dokar. Duk da haka ta shigo ƙasar da yawa. A 2017 kaɗai jami'an Kwastam sun kama irinta har sau huɗu a Legas: 661 a Janairu, 440 a Mayu, sai 1,100 da kuma 470 a Satumba. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisin bindiga.

Wanda hukuma ta ɗauka aiki yakan samu horo kafin a ba shi makami. Mafarauci kuma yakan gaji ilimin daga uba ko ubangida. Tsakanin waɗannan biyu akwai matasan da tsoro ne ya sa su riƙe bindiga, waɗanda suka koyi ɗuri da kallo kawai. Su ne yatsunsu suka fi shiga haɗari.

Abin da 'yan gasa suka gano

A gasar Olamfik ana harbin faifan yumɓu da bindiga mai baki biyu, wadda ake karyawa a tsakiya a saka harsashi. A nan ɗuri ba ya buƙatar sauri.

Amma akwai wata gasar da ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a Amurka a 1976, ke shiryawa. A cikinta ɗan wasa yana gudu yana harbin alamomi, agogo yana ƙirga masa lokaci. An yi gasar duniya ta farko ta irin wannan bindiga a garin Debrecen na Hungari a 2012, sannan aka yi a Italiya a 2015, Faransa a 2018, da Tailan a 2023.

Bindigogin wannan gasa suna da wani dogon bututu a ƙarƙashin na harbi, inda harsasai ke jeruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta wata ƙofa da ke cikin bindigar daga ƙasa ake tura su, kuma babban yatsa ne ke turawa. Tunda bututun ba ya ɗaukar harsasai da yawa, wanda ya fi saurin ɗuri shi ke cin gasa. Gwanaye sukan damƙo harsasai huɗu a hannu ɗaya su zura su bibbiyu.

Wannan sauri ne ya fito da wuraren da bindiga ke cizo.

Na farko shi ne wani harshen ƙarfe mai kama da cokali da ke rufe ƙofar ɗuri, wanda aikinsa ɗaga harsashi zuwa inda za a harba shi. A bindigogi da yawa bakin cokalin yana da tsaga kamar cokali mai yatsu. Idan mutum ya tura harsashi ya zo zare yatsansa, sifirin yakan dawo da cokalin, tsagar ta kama kan yatsa ta matse shi da bakin bututu. Idan ya fizga da ƙarfi, ƙumba ko fata ta tafi. Abin ya zama sananne har 'yan wasa suka laƙaba masa suna "yatsan Benelli", da sunan kamfanin Italiya da bindigoginsa suka yi farin jini a gasar, ko da yake ba bindigarsa kaɗai ke yin haka ba.

Na biyu shi ne gefen ƙofar, wanda sau da yawa yakan fito daga masana'anta da kaifi. Na uku kuma harsashin da ba a tura shi ya wuce maƙalinsa ba, sai sifirin ya cillo shi baya ya bugi yatsa ko ya maƙale a ƙarƙashin cokali.

Sojojin Amurka ma sun san irin wannan tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Bindigarsu M1 Garand takan rufe da ƙarfi a kan yatsan wanda bai iya ɗura ta ba, har aka riƙa kiran raunin "yatsan Garand".

Maganin da suka samo

Abu na farko da masu horarwa ke gyarawa shi ne yadda ake riƙe yatsa. Ana tanƙwasa shi, a tura harsashi da tsokar cikinsa, gaɓar kuma ta danne cokalin har a fito. Wanda ya miƙe yatsa ya cusa shi can ciki, shi tsagar ke kamawa.

Ana tura harsashi har sai an ji ƙaramin sautin da ke nuna ya wuce maƙali. Idan an ji yatsa ya kamu, ba a fizgewa. Sai a sa ɗaya hannun a danne cokalin, yatsan ya fita da kansa.

Ana yanke ƙumba gajeriya. Wasu sukan naɗe gaɓar ƙarshe da filasta, wasu su sa safar hannu mai kama fata. Safar da ta yi yawa kuwa ita kanta takan maƙale, ta jawo abin da ake gudu.

Abu mafi muhimmanci shi ne atisaye. Ɗan gasa yakan maimaita ɗuri sau ɗaruruwa da harsashin gwaji, wanda babu albarushi a cikinsa, a hankali, har hannu ya haddace. Saurin daga baya yake zuwa. Hausawa dai sun riga sun faɗa cewa sannu ba ta hana zuwa.

'Yan gasa kuma sukan kai bindiga wurin ƙwararre ya cike tsagar cokali da walda, ya goge kaifin ƙofar. Wannan ɓangaren darasin bai kamata a kwafo shi kai-tsaye ba. Mai waldar bakin titi ba ƙwararren bindiga ba ne, kuma idan aka ci ƙarfe fiye da kima, bindigar za ta riƙa maƙalewa ko ta yi rauni. Ban da haka, a dokar Najeriya gyaran bindiga ma sai da izinin hukuma.

Ɗan gasa yana ɗuri ne da rana, a fili, da alƙalin wasa tsaye a bayansa. Ɗan sintiri kuwa a duhu yake ɗurawa, wani lokaci cikin sanyin hunturu da yatsu suka ƙage, fata ta yi kaushi, gaba kuma yana faɗuwa. Idan mai rana da alƙali yana buƙatar atisaye, na cikin duhu ya fi shi buƙata.

Mai baki ɗaya da mai baki biyu

Bindigar da ake karyawa a tsakiya ta fi sauƙin ɗuri, amma ita ma tana da nata cizon.

Wurin rufewa takan kama fatar yatsa ko ta tafin hannu idan an riƙe ta kusa da mahaɗa. Ƙa'idar ita ce baki ya kalli ƙasa, hannu ɗaya a gaba kan katako, ɗayan ya ɗago gindin ya haɗe, babu yatsa a kan kunama. Masu rufewa da fizga kamar a fim suna lalata mahaɗar, kuma tsohuwar bindiga tana iya tashi da wannan bugun.

Masu 'yar guduma a waje, wadda ake ja baya da babban yatsa, suna da haɗari na musamman. Idan gumi ko mai ya sa ta suɓuce kafin ta kama, tana iya sarar harsashi bindigar ta tashi. Haka nan wurin mayar da ita a hankali bayan an fasa harbi.

Sai batun girman harsashi. Idan aka yi kuskuren saka mai lamba 20 a bindiga mai lamba 12, yakan zarce cikin bututu ya tsaya, har mutum ya ɗauka babu komai ya ƙara wani. Idan aka harba, bututun yakan fashe daidai wurin da hannun gaba ke riƙe. Laka ko gidan zanzaro da ya toshe bakin bindiga ma yana iya fasa shi. Shi ya sa ake leƙa bututu daga baya, bindiga a karye, kafin kowane ɗuri.

Bindigar toka: hannu a bakin wuta

Duk abin da aka lissafa a sama ƙarami ne idan aka kwatanta da bindigar toka, wadda ita ce ta fi yawa a ƙauyuka. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Denmak, saboda fataken ƙasar suna cikin waɗanda suka riƙa kawo irinta gaɓar Afirka ta Yamma ƙarnuka da suka wuce. Yanzu maƙera ne ke yin ta a gida.

Ɗurinta ta baki ne. A zuba albarushi, a cusa tsumma ko takarda, a zuba harsashi, a sake cusawa, a daddanna da sanda. Duk tsawon wannan aiki hannun mai ɗuri yana daidai wurin da wuta ke fita.

Haɗari na farko shi ne garwashi. Bayan harbi, ɗan tsumman da bai gama ci ba yakan saura a cikin bututu. Idan aka yi saurin zuba sabon albarushi, nan take yake kamawa. Idan kuwa kai-tsaye daga gora ko kwalba ake zubawa, wutar takan bi ta shiga gorar, ta fashe a cikin hannu. Don haka masu harba irin wannan bindiga a ƙasashen da ake koyar da ita sukan share bututu da tsumma mai ɗan damshi, su bi da busasshe, sannan su auna albarushi a wani ƙaramin mudu daban, gora a rufe, a gefe. Hura iska da baki a cikin bututu, wanda wasu ke yi don kashe garwashi, sanya fuska ne a bakin wuta.

Na biyu shi ne riƙon sandar ɗuri. Wanda ya ɗora tafin hannu ko babban yatsa a kan sandar ya danna, idan bindigar ta tashi, sandar ce za ta zama harsashi ta ratsa hannun. Ana riƙe ta ne daga gefe da kan yatsu, a riƙa turawa kaɗan-kaɗan, bakin bindiga a karkace nesa da fuska.

Na uku shi ne tsarin aiki. Abin da 'yar guduma ke sara ya ba da wuta, shi ne na ƙarshe da ake sakawa, bayan an gama ɗuri an juya baki inda babu kowa. Wanda ya fara saka shi sannan ya koma ɗuri, bindiga a ɗane yake cusa wa hannu.

Na huɗu shi ne ɗuri a kan ɗuri. Mutum ya ɗura da daddare bai harba ba, ya jingine ta. Washegari shi ko ƙanensa ya ɗauka ya sake ɗurawa. Maganin wannan ba ya cin kuɗi: a zura sanda lokacin da bindiga ba ta da komai, a yi mata tabo daidai bakin bututu. Duk ranar da aka zura tabon ya tsaya a sama, akwai kaya a ciki.

Na biyar shi ne irin albarushin. Garin da ke cikin harsashin zamani ya fi baƙin albarushi ƙarfin matsi nesa ba kusa ba. Wanda ya farke harsashi ya juye garinsa a bindigar toka don ta ƙara ƙarfi, yana iya tarwatsa bututun, musamman wanda aka yi da bututun ruwa ko ƙarfen sitiyarin mota, da ba don wannan aiki aka ƙera su ba. Barin sarari tsakanin albarushi da harsashi ma yana kumbura bututu ko ya fasa shi.

Na ƙarshe shi ne jinkirin tashi, wanda ya fi yawa da damina idan albarushi ya sha danshi. A ja kunama a ji shiru, mutum ya sauke bindiga ya leƙa ko ya kai hannu baki, sai ta tashi. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a ci gaba da nuna bakin inda aka nufa, a jira aƙalla minti ɗaya, wasu masu horarwa ma biyu suke cewa. Ga bindigar harsashi kuwa daƙiƙa 30 ne.

Gasar ƙara a wurin biki

A ƙasar Hausa ba a shirya gasar harbi da agogo, amma akwai gasar da kowa ya sani ko da ba a sanar da ita ba: ta wa ta fi ƙara.

A hawan Sallah da naɗin sarauta da sauran bukukuwa, masu bindigar toka sukan jeru su riƙa saki, jama'a na sowa. Al'ada ce mai tarihi. Hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin kayan gadon duniya a Disamban 2024, kamar yadda ta sanya wasan dawaki da bindiga na Maroko, wato Tbourida, a 2021.

Sai dai duk abubuwan da ke jawo rauni sukan haɗu a irin wannan wuri. Ana ƙara albarushi don a burge. Ana ɗuri a jere ba hutawa, bututu ya yi zafi, garwashi bai mutu ba. Ga cunkoso, ga yara suna kutsawa, ga masu shan taba a gefe.

Rashin harsashi a ciki ba ya sa bindiga ta zama abin wasa. Wutar da tsumman da ke fita sun isa su ƙone fuska, su fasa ido, ko su cire yatsa idan yana kusa da baki. Kuma bututun da aka cika wa ciki ba ruwansa da ko biki ake yi.

A nan shugabannin mafarauta da na masu bindigar fada suke da rawar takawa: mudu ɗaya ga kowa, tazara tsakanin masu harbi da 'yan kallo, da hutu tsakanin harbi da harbi.

Darajar yatsa ɗaya

A Sakkwatanci, idan aka ce farce yatsa ake nufi, ƙumba kuma akaifa. Ko da wane suna aka kira shi, babban yatsa daban yake da sauran. Gaɓoɓinsa biyu ne, na sauran uku-uku, kuma shi kaɗai ke iya juyowa ya fuskanci kowannensu. Da wannan ne hannu ke damƙa da tsinta.

A ma'aunin da likitoci ke bi wajen ƙiyasta nakasa, rasa babban yatsa daidai yake da rasa kashi 40 cikin 100 na aikin hannu.

Ga mutumin Illela wannan lissafi yana da fassara. Dashen albasa a fadama aikin yatsu biyu ne, kuma babban yana ciki. Riƙon lauje da hauya, tatsar nono, ɗaure buhu, jan igiyar rijiya, duk da shi ake yi. Da shi aka saba dangwala ƙuri'a, kuma yana cikin yatsun da na'ura ke ɗauka wurin rajistar BVN da NIN.

Ko ƙumba kaɗai ta fita, girmanta bai wuce kamar milimita 3 a wata ba, don haka takan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ta dawo. Idan abin ya faɗo a farkon damina, an yi asarar ƙarfin hannu a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Idan raunin ya auku

Abu na farko shi ne wani ya karɓi bindigar ya juya bakinta inda babu kowa, don kada rauni ɗaya ya zama biyu.

Sai a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji. A cire zobe tun kafin kumburi. Idan jini ya lafa a wanke da ruwa mai tsabta. Idan ƙuna ce, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi na kimanin minti 20.

Toka da ƙasa da man burki da baƙin mai ba sa warkar da rauni, datti suke ƙara masa. Ƙasa da kashin dabbobi su ne matattarar ƙwayar cutar tatanas, wadda ake kira sarƙe-haƙora, kuma rauni mai zurfi da tsumma ya shige shi ne irin wanda take so. Saboda haka allurar rigakafinta tana cikin abin da za a fara tambaya a asibiti.

Ɗaure yatsa tamau da roba ko zare a bar shi sa'o'i yana kashe shi. Haka ma ɗorin da aka matse a kan hannun da ke kumbura. Idan yatsa ya fara baƙi, ya yi sanyi, ko ya daina jin taɓi, ba a kwana da shi a gida.

Jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙumba yana zogi, ma'aikacin lafiya yana iya fitar da shi cikin sauƙi. Sau da yawa akan samu tsagewar ƙashi a ƙarƙashi, don haka ɗaukar hoto yana da amfani.

Idan yatsa ya guntule, kada a binne guntun nan take. A naɗe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan damshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba. Tun 1965 likitoci biyu a Japan, Komatsu da Tamai, suka yi nasarar mayar da babban yatsan da ya guntule gaba ɗaya. Wanda fashewa ta dagargaza ya fi wuyar mayarwa, amma likita ne zai yanke hukunci, kuma kowace sa'a tana da daraja.

Babban Asibitin Illela shi ne matakin farko. Manyan ayyukan tiyata kuma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru a Sakkwato, da asibitin ƙashi na Wamakko. A tsallaken iyaka akwai asibitin Galmi, da mutanen yankin suka daɗe da sani.

Abin da ke hana wasu zuwa shi ne tsoron a ce sai sun kawo takardar 'yan sanda. Dokar kula da waɗanda harbi ya raunata ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin ya fara yi masa magani ko babu wannan takarda. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda daga baya.

Wa zai koyar?

Idan irin wannan rauni ya faru, abin da aka fi ji shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Magana ce ta ba da haƙuri, kuma tana da wurinta. Amma idan aka bi diddigi, akan tarar da gorar albarushi a buɗe, ko tafin hannu a kan sanda, ko ɗuri a kan ɗuri, ko gaggawar da ba ta da dalili.

'Yan gasa ba su fi mafarautan Illela sanin daji ko ƙarfin zuciya ba. Abin da suka yi shi ne, duk lokacin da wani ya ji rauni sai su tambayi ta ina aka yi, su mayar da amsar doka, su hana kowa taɓa bindiga sai ya haddace ta.

Wuraren da za a yi irin wannan koyarwa suna nan: sansanin horar da jami'an tsaron al'umma, zaman da sarkin mafarauta ke yi da yaransa kafin fita farautar rani, da taron shirin hawan Sallah. Kayan koyarwar ma ba su wuce sanda mai tabo da ƙaramin mudu da tsumma biyu ba.

Ɗan sintirin da ya dawo da asuba, bindigar zai jingine ya ɗauki hauya. Gonar da ya kwana yana tsarewa tana jiransa, kuma da yatsu goma take son ganinsa.